Gona Ta Fito Tas, Jirgi Ya Fito Dishi-Dishi: Ina Matsalar Take?

Ku ɗauka ga wani hoto a gabanku na jirgin ƙasa yana ratsa gona. Zangarniyar dawa ta fito tas, har ƙwayoyinta ana iya ƙirgawa. Kukar da ke can baya ta fito. Akuyar da ke bakin hanya ma ta fito da kunnuwanta biyu. Amma jirgin kayan da aka sha rana dominsa, kamar an goga masa hannu kafin fenti ya bushe.

Tun da kaka ta shigo ake ta yawo da irin waɗannan hotuna a Facebook da WhatsApp, gardamar kuma ba ta canjawa. Wasu su ce wayar ce ƙarama, sai an sayi mai tsada. Wasu su ce hazo ne. Wasu su ce hannun mai ɗauka ne ya yi rawa. Hoton da kansa ya ƙaryata su duka. Da hannu ne ya yi rawa, da dawar ma ta ja. Da hazo ne, da kukar nan ta riga jirgin dusashewa, tunda ta fi shi nisa. Abu ɗaya ne yake motsi a wurin nan, shi kaɗai kuma ya lalace.

Kafin mu je can, bari mu gama da na sauƙi a gurguje.

Wurin tsayawa. A watan Oktoba da Nuwamba rana tana karkata kudu a ƙasar Kano da Jigawa. Layin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori zuwa Nguru gabas ya nufa, ya ɗan karkata arewa, don haka ka tsaya ta kudu da dogo, rana a bayanka. Da safe jirgin da ya doshi gabas ne fuskarsa take samun haske, da yamma kuma mai komawa Kano. A layin Zariya, wajen Madobi da Kwankwaso, dogon ya fi yin kudu, sai ka tsaya gabas da shi da safe, yamma da shi bayan la'asar. Ka nemi tudu ko gonar da aka riga aka girbe, domin karan dawa a wannan lokaci ya fi mutum tsawo, zai cinye maka ƙafafun jirgi. Ka yi wa mai gona sallama kafin ka taka masa wake. Idan kusa da tasha ne ka fara neman izinin shugaban tasha, gada kuwa a bar ta kurum. Ka sa takalmi sawu-ciki saboda maciji, ƙarangiya kuma babu dabara, sai dai ka zauna ka tsince ta a gida.

To, ga inda ake ɓata.

Kyamara ƙiftawa take yi kamar ido. Ta buɗe, haske ya shiga, ta rufe. Duk abin da ya motsa tsakanin buɗewa da rufewa, a jaye zai fito. Mutane suna cewa ai jirgin kaya a hankali yake tafiya, babur ma yana wuce shi, me zai sa a damu da saurin ƙiftawa? Bari mu yi lissafi. Mu ɗauka yana tafiyar kilomita 36 a awa. Wannan mita 10 ke nan a kowane sakan. Idan kyamararka ta ƙifta a kashi ɗaya cikin 50 na sakan, wato 1/50, jirgin ya matsa santimita 20 kafin ta rufe ido. Tsawon tafin hannun babban mutum ke nan. A 1/100 ya matsa santimita 10. A 1/500, santimita 2. A 1/1000, santimita 1 kacal.

Yanzu a kawo lissafin kan hoton. Hoton waya mai ɗigo 4,000 daga hagu zuwa dama, idan ya ɗauko faɗin mita 20 na fili, kowane ɗigo rabin santimita ne. Santimita 20 ɗin nan ɗigo 40 ke nan na ja. Lambar da ke jikin kan jirgi ba za ta karantu ba. A 1/1000 kuwa ɗigo 2 ne, ido ba ya ma lura. 

Me ya sa wayar take zaɓar ƙiftawa mai nawa? Domin haske take aunawa, ba ta san kana jiran jirgi ba. Da tsakar rana haske ya yi yawa, sai ta ƙifta da sauri da kanta, hoto ya fito tas. Shi ya sa wani zai rantse maka cewa tasa wayar ba ta da wannan matsala. Tambaye shi ƙarfe nawa ya ɗauka. Amma hasken tsakar rana ba ya yi wa jirgi kyau: rufin taragai ya yi fari fat, ƙarƙashinsu ya yi baƙi ƙirin. Hasken da kowa yake so shi ne na bayan fitowar rana da na bayan la'asar sakaliya, lokacin da kara ya koma ruwan zinariya. A daidai lokacin ne haske yake raguwa, wayar kuma ta rage saurin ƙiftawa ba tare da ta yi shawara da kai ba. Wato lokacin da ya fi kyau shi ne lokacin da take cin amanarka.

Maganin shi ne ka karɓe linzami. Da yawa daga wayoyin Tecno da Infinix da Samsung suna da sashen da aka rubuta Pro a cikin kyamara. Ka shiga, ka nemi harafin S, ko hoton da'ira mai kama da fanka, nan ne ake saita saurin ƙiftawa. Ka kai shi 1/1000. A nan ma ana rikicewa: wasu wayoyin 1000 ko 60 kawai suke nunawa, ba sa rubuta 1/ ɗin da ke gaban lambar. Babbar lamba ita ce mai sauri. Masu iPhone, kyamarar da ta zo da wayar ba ta ba da wannan dama kai tsaye, sai an sauke wata manhaja ta daban.

Da ka yi haka, allo zai yi duhu. Kada ka tsorata ka koma baya, a nan mafi yawa suke karaya. Duk lokacin da ka ninka sauri, ka raba haske biyu, sai ka rama da ISO, wato lambar da ke ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske. Idan wayar ta zaɓi 1/125 da ISO 50, daga 125 zuwa 250, zuwa 500, zuwa 1000, ninki uku ke nan. To ISO ma a ninka sau uku: 100, 200, 400. Haske ya dawo yadda yake. Abin da za ka biya shi ne hoton zai ɗan yi yashi-yashi, musamman a inuwa. A ganina wannan ciniki ne mai riba. Yashi ana rage shi wajen gyara, kuma a allon waya ba kowa zai lura ba, amma hoton da ya ja babu malamin da zai warkar da shi. Masu babbar kyamara, ku sa ta a S ko Tv, wato tsarin da ke ba ku damar zaɓar saurin ƙiftawa. Da rana tsaka mai haske sosai, f/8 (ma'aunin faɗin buɗewar idon kyamara) da ISO 200 suna ba da kusan 1/800, daga nan sai ku ɗaga ISO yayin da rana take sauka.

Ba kullum ake bukatar 1/1000 ba, kuma wannan shi ne rabin da ba a faɗa. Lissafin da muka yi na wanda ya tsaya jirgi yana gitta gabansa ne, daga hagu zuwa dama. Idan ka karkace, kana kallonsa yana tahowa ta kusurwa, fuska da gefe duk suna fitowa, motsin da kyamara take gani yana raguwa kusan rabi, 1/500 ya isa. Idan ka ja baya har hoton ya ɗauko mita 60 na fili, jirgi ya zama zare a cikin gonaki, nan ma 1/500 ya wadatar. Nisa da kusurwa kyauta suke ba ka haske. Wani zai ce to ai idan na tsaya a gabansa sosai babu ja ko kaɗan. Gaskiya ne, amma ba kai za ka ga hoton ba.

Maganar nan ba wasa ba ce. Jikin jirgi ya fi dogo faɗi, yana zarce ƙarfen ta kowane gefe, wani lokaci da igiya ko waya tana reto. Jirgi mai lodi ba ya tsayawa sai ya ci ɗaruruwan mitoci bayan an taka birki. Sannan allo yana ruɗin ido, abin da ka ga kamar yana nesa ya riga ya iso. Taku goma daga dogo, ka ja layi a ƙasa da ƙafarka, kada ka tsallake shi. Yaran gari za su biyo ka, wannan babu makawa, su ma layin nan ya shafe su.

Jirgin bai zo ba tukuna, don jirgin kaya ba shi da tsayayyen lokaci, mai wannan sha'awa sai da haƙuri da gorar ruwa. Kafin ya zo, ku dubi ƙarfen nan. Dogo ya iso Kano a 1911, aka ƙarasa da shi Nguru a 1930, gyaɗa da fatu ne suka daɗe suna bin sa zuwa teku. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067 ne. Sabon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Kaduna, da na Maraɗi da ya bi ta Kazaure, milimita 1,435 ne, an kuma gina shi don gudun da ya fi wannan. Idan sauri ya ninka, lambar ƙiftawa ma sai ta ninka.

Zaman jiran nan shi ne lokacin gwaji. Babur ya zo tsallaka dogo, ɗauke shi. Ka buɗe hoton ka zuƙo shi, idan fuskar mai babur da lambarsa sun fito, jirgi ma zai fito. Ka sake gwadawa duk bayan minti goma, don hasken yamma ba ya zama wuri ɗaya.

Ga kukansa can. Saura abu uku, da sauri. Ka zaɓi inda kake so kan jirgi ya kasance, ka danna yatsa a kan dogon wurin ka riƙe har saiti ya kulle, in ba haka ba kyamara za ta tsallaka ta kama karan da ke gabanka. Kullewar nan tana kuma hana fitilar jirgi ruɗa ta, domin idan hasken fitilar ya doki gilashi, sai ta zaci rana ce ta duhunta komai. Ka kashe HDR da tsarin dare, su hotuna da yawa suke haɗawa su zama ɗaya, shi ya sa ake ganin jirgi da fuska biyu. Sannan ka ɗauka a jere: a Samsung ana jan maɓallin ƙasa a riƙe, a iPhone ana jan sa hagu. Ka fara kafin ya iso wurin, ka ci gaba har ya wuce.

Idan ka ga taragai sun jingina kamar za su kife alhali turakun baya a miƙe suke, wannan wata cuta ce daban. Waya tana karanta hoto layi bayan layi, kafin ta kai na ƙarshe jirgi ya matsa. Ƙara saurin ƙiftawa ba ya maganinta, sai ja da baya ko karkacewa.

Masu son akasin haka, jirgi ya tsaya cak gona ta ja, ku sauko 1/30, ku kafa ƙafa, ku bi kan jirgin da juyin ƙugu ba da hannu ba. Mafi yawa za su lalace, don haka kada a gwada da jirgin farko na ranar, wataƙila shi ne na ƙarshe.

Ya wuce. Kada ka sauke waya tukuna, juya ka ɗauki taragon ƙarshe yana shiga ƙurar da ya tayar, rana tana ratsa ta. Sannan ka hure gilashin kafin ka goge, ƙurar kaka tana da yashi, bakin riga kuma yana karce shi.