Tafiyar kwana biyu ba yaye ba ce

Assalamu alaikum, iyaye mata masu shayarwa. A ce an yi rasuwa a Tawa, ke kuma kina Yamai da jariri ɗan wata huɗu, ga zafin bazara, ga hanya mai kilomita sama da 500 ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, har kuka yanke shawara da maigida cewa a bar yaro wurin kakarsa na kwana biyu. Abin da ya fi damun uwa a nan shi ne ko nononta zai ƙafe kafin ta dawo.

Jiki yana samar da nono ne gwargwadon yadda ake cire shi, don haka muddin kina tatsa a lokutan da yaro ya saba sha, wato kusan kowace awa uku har da dare, ruwan nono ba zai janye ba. Ba dole sai da na'ura ba, hannu ma ya isa. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗora babban yatsa a sama da manuniya a ƙasa, a gefen baƙin da ya kewaye kan nono, ki danna zuwa ƙirji, sannan ki matse ki saki, kina sauya wuri. Idan mota ta tsaya don salla, wannan ce damarki, kuma mayafi mai faɗi ya wadatar wajen sutura.

Shiri kuwa tun kwanaki kafin tafiya ake fara shi. Ki riƙa tatsa kaɗan-kaɗan bayan yaro ya ƙoshi, kina zubawa a ƙananan mazubai masu murfi da aka wanke tas, kina rubuta rana a jikin kowanne. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana 4 a firigo, wata 6 a ɓangaren ƙanƙara. To amma waɗannan awa 4 an ƙiyasta su ne da zafin da bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, saboda haka a sa shi a sanyi nan take. Tun da wuta takan ɗauke, a ajiye shi can ƙuryar firigo, nesa da ƙofa, a kuma tanadi kula, wato akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara a ciki, wadda kan riƙe shi har awa 24.

Ki zauna da Inna ki nuna mata komai da hannunki. Ana ɗumama nono ta hanyar tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, ba a tafasa shi, wanda ya narke kuma ba a maida shi ƙanƙara. A ba yaro da ƙaramin kofi yana zaune a cinya, bakin kofin na taɓa leɓensa, yana lasa da kansa, kar a ɗura masa. Ki kuma roƙe ta cikin ladabi cewa ko ya yi kuka kar a ba shi ruwa ko kunu ko jiƙo, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6.

Idan a can kin ji nono ya yi tauri, wani gefe ya yi zafi da ja, ga zazzaɓi, ki ci gaba da tatsa, ki je likita ba tare da jinkiri ba.

Ranar da kika dawo, wataƙila wata za ta ce nonon ya kwana ya yi tsami, sai an zubar. Nono ba ya lalacewa a jikin uwa. Ki wanke hannu, ki ɗauki ɗanki ki ba shi, idan ya ɗan yi fushi ya kau da kai, ki rungume shi a ƙirjinki fata da fata, ki sake gwadawa in ya huce.