Makullin Haƙorin Katafila a Gaban Jami'in Tantance Ƙirƙira

Wannan lacca an gabatar da ita ne ga taron masu gareji da maƙera da masu walda a Kumasi, aka kuma rubuta ta daga faifan murya, tare da ɗan gyaran da rubutu yake bukata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena alhazai, malamai, shugabannin gareji, da ƙannena masu koyon sana'a a Magazin na Suame, cibiyar gareji da ƙira ta nan Kumasi, ina gode muku da kuka bar ayyukanku kuka zo.

Abin da zan yi magana a kansa ƙarfe ne ɗan ƙarami wanda yawancinku kun sha riƙe shi a hannu, wato makullin da yake riƙe haƙorin bokitin katafila. A leɓen bokitin ana manna adafta da walda ko a ɗaure ta, haƙori ya shiga kan hancin adaftar, sannan makulli ya ratsa su ya hana haƙorin zamewa. An raba su haka ne domin haƙori shi yake cin dutse, shi yake ƙarewa da wuri, kuma ya fi sauƙi a jefar da shi a sa sabo da a taɓa adafta, balle bokitin kansa. Tsohon tsarin da muka gada shi ne ƙusa da zoben roba ko na sifirin, a doka ta da guduma ta shiga, a doka ta ta fita. Kowa a nan ya san abin da ke cikin wannan duka: ɓarɓashin ƙarfe yana tsalle ya nufi ido, guduma tana kuskure ta sauka a yatsa, kuma idan laka ta daskare a ramin sai a wuni ana fama. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan a manyan wuraren haƙar ma'adinai irin na Tarkwa da Ahafo, domin idan makulli ya saki, haƙori ya bi dutse zuwa injin niƙa, injin yana tsayawa, aiki ya tsaya, kuma ciro ƙarfen da ya maƙale a bakin injin niƙa aiki ne da ya sha hallaka ma'aikata a ƙasashe daban-daban.

Saboda haka kamfanoni irin su ESCO da aka kafa a Portland ta Amurka a 1913, da Caterpillar, da Hensley na Komatsu, da Bradken na Ostireliya, da MTG na Sifen, suka daɗe suna tsere wajen ƙera makullin da ba ya bukatar guduma. Tsaron ma'aikaci yana cikin dalilansu, amma kada mu ruɗi kanmu, ciniki ma yana ciki. Wanda ya sayi adaftar kamfani, haƙorin wannan kamfanin zai ci gaba da saye muddin babu wanda doka ta yarda ya kwaikwayi makullin, kuma haƙora ana sayensu ne kullum.

To, wanda ya ƙera sabon makulli yana son takardar mallakar ƙirƙira, wato takardar da take hana wasu kwaikwayon abinsa, ina zai nufa? A Gana dokar da take aiki ita ce mai lamba 657 ta shekarar 2003, wadda aka yi wa gyara a 2016, kuma ana shigar da nema a Ofishin Babban Magatakarda a Accra. Ana iya bi ta ARIPO, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai ba da irin wannan takarda, mai hedikwata a Harare, bisa yarjejeniyar Harare ta 1982, inda nema ɗaya yake isa ga duk ƙasashen da mai nema ya zaɓa cikin mambobinta, kowace ƙasa kuma tana da wani wa'adi da za ta iya cewa ba ta amince takardar ta yi aiki a cikinta ba. Manyan kamfanonin waje sukan shigo ne ta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta PCT, mai ba da damar fara nema a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, wadda Gana ta shiga a 1997. Maƙwabtanmu Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa, har da Nijar, suna ƙarƙashin wata ƙungiyar ce daban, OAPI, a Yawunde. Nijeriya ba mamba ba ce a ARIPO ko OAPI, kuma a can ana rajista ne ba tare da zurfafa bincike kan sabuntar abin ba, sai in an je kotu.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan zama shi ne jami'in tantancewa ba ya ganin makullin. Ba a kai masa ƙarfe, ba ya ɗaura shi a katafila ya gwada. Abin da ke gabansa takarda ce mai ɗauke da bayanin ƙirƙirar, da zane-zanenta, da taƙaitawa, sannan a ƙarshe wasu jimloli masu lamba da ake kira da'awa, inda mai nema yake fayyace ainihin abin da yake cewa nasa ne. Da'awar nan tamkar duwatsun iyakar fili take: abin da ya faɗa cikinsu naka ne, abin da ke waje na jama'a ne, kuma duk kyan ginin da ka kwatanta a bayani ba zai matsar da dutse ko taki ɗaya ba. Misali, mutum zai iya rubuta cewa yana da'awar haƙori mai rami a gefensa, da makulli da yake zaune a ramin, wanda ake juya shi da sifana tsakanin matsayin riƙewa da matsayin saki, da wata sakata mai roba a bayanta da take hana shi juyawa da kansa. Kowace kalma da ya ƙara tana ƙuntata filinsa, tana kuma sauƙaƙa masa samun takardar. Kowace kalma da ya cire tana faɗaɗa filin, tana kuma kusantar da shi ga abin da wani ya riga shi yi.

Jami'in yana fara aikinsa da bincike. Ƙirƙire-ƙirƙiren duniya an kasa su aji-aji, kuma haƙoran injinan haƙa ƙasa suna ƙarƙashin lamba E02F 9/28, a tsarin ofisoshin Turai da Amurka kuma makullai da ƙusoshinsu suna da nasu reshen, 9/2833. Wannan lungu cike yake da takardun shekaru aru-aru, shi ya sa samun sabon abu a cikinsa yake da wuya. Tambayar farko ita ce ko abin sabo ne, kuma sabunta a nan ta duniya ce gaba ɗaya. Tsohuwar takardar Jamus da ta mutu tuntuni, kundin tallar wani kamfani, bidiyo a YouTube, ko makullin da wani maƙeri ya yi a Suame ya sayar a fili, kowanne yana iya kashe sabunta. Sharaɗin shi ne a sami dukkan sassan da'awar a wuri guda. Idan tsohuwar takarda tana da rami da makulli mai juyawa amma babu sakata, ba ta kashe da'awar da muka kawo misalinta ba.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, a nan kuma ake yawan kai ruwa rana. Ko da abin sabo ne, shin ƙwararre na yau da kullum a wannan sana'a, wanda ya san duk abin da aka wallafa amma ba shi da baiwar ƙirƙira, zai iya isa gare shi ba tare da wahala ba? Jami'in zai ɗauko takarda mai makulli mai juyawa, ya ɗauko wata mai sakata da roba, ya ce haɗa su abu ne da yake bayyane ga kowane injiniya. Shari'ar da Amurkawa suke komawa gare ta a kan wannan batu ita ma a kan ƙarfen da yake shiga ƙasa aka yi ta. A 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tsakanin wani mai ƙirƙira mai suna Graham da kamfanin kayan noma na John Deere game da maɗaurin ƙafar garma, wanda aka tsara domin ƙafar ta yi sama idan ta haɗu da dutse maimakon ta karye. Graham yana da takarda ta farko a kan irin wannan maɗauri, sai ya sake neman wata bayan ya sauya matsayin ƙafar da farantin da take jingina da shi. Kotu ta ce sauyin bayyananne ne ga mai sana'ar, ta soke takardar, ta kuma lura cewa fa'idar lanƙwasuwar ƙafar da aka dogara da ita a gaban alƙalai ba a ambace ta a takardar nema ba. A hukuncin ne aka shimfiɗa cewa a duba abin da aka sani a da, a duba bambancinsa da da'awa, a duba matakin ƙwarewar masu sana'ar, sannan ana iya la'akari da ko an daɗe ana bukatar abin, ko wasu sun gwada sun kasa, ko kasuwa ta karɓe shi. Ofishin Turai yana bin wata hanyar, ya ɗauki tsohon abin da ya fi kusa, ya tambayi wace matsala ce sabon ya warware, sannan ya duba ko ƙwararre zai bi wannan hanyar wajen warware ta.

A ganina babban tarkon jami'i a nan shi ne ya riga ya ga amsar kafin ya yi tambayar. Makulli abu ne mai sassa uku ko huɗu, duk wanda ya kalli zanensa sai ya ji da ma shi ma zai iya. Mai nema mai wayo yana amsawa ne da yanayin aikin. Zai nuna cewa noti mai zare da yake aiki lafiya a jikin mota, a bakin bokiti garin dutse yana cika zaren ya daskare har ya ƙi kwancewa, cewa girgiza da bugu daga kowane ɓangare suna sassauta shi, kuma cewa hancin adafta yana cinyewa a hankali har haƙori ya fara rawa, don haka ƙwararre ba zai ɗauko abin da aka yi wa mota ya sa a nan da tsammanin nasara ba. Irin wannan hujja ce take juya ra'ayin jami'i, ba cewa makullin yana da kyau ba.

Rahoton farko na jami'i sau da yawa ƙi ne, kuma wannan ba ya nufin an rufe ƙofa. Mai nema yana mayar da amsa, ya gyara da'awarsa, yawanci ta hanyar ƙuntata ta. Sai dai akwai ƙa'ida mai tsauri: ba a shigo da sabon abu wanda babu shi a takardar ranar da aka shigar da ita. Idan sirrin makullinka shi ne ɗan gangaren da ka yi wa bakin sakata amma ba ka rubuta shi ba, ba ka kuma zana shi ba, ba za ka iya ceton kanka da shi daga baya ba.

Wata shari'a daga Ostireliya ta nuna yadda jimla ɗaya take iya zama wa mai nema ƙaya. Kamfanin ESCO ya nemi takarda a kan haƙori mai makullin da yake zama a jikinsa, ko yana riƙe ko yana sake, sai kamfanin Ronneby Road ya ƙalubalanci neman. A cikin bayanin an rubuta cewa ƙirƙirar tana inganta daidaito, da ƙarfi, da ƙarko, da kutsawa cikin ƙasa, da tsaro, da sauƙin canji. A 2016 alƙalin Kotun Tarayya ya ɗauki wannan a matsayin alkawarin abubuwa shida a haɗe, ya ce da'awar ba ta cika su duka ba, ya kuma ga cewa wani makulli da ke kasuwa ya riga ta. A 2018 cikakken zaman kotun ya warware hukuncin, ya ce idan aka karanta takardar gaba ɗaya cika wani daga cikin alkawuran ya wadatar, ya kuma fassara matsayin riƙewa da na saki ta yadda tsohon makullin bai shiga ciki ba. ESCO ya yi nasara, amma bayan shekaru na shari'a a kan lafuzzan da lauyansa ya rubuta.

Yanzu ga abin da ya shafe mu a Magazin. Takardar mallaka tana aiki ne a ƙasar da aka ba da ita kaɗai, kuma tsawon ranta shekara 20 ne daga ranar shigar da nema, da sharaɗin ana biyan kuɗin shekara-shekara. Takardar Amurka ba ta hana maƙerin Kumasi komai ba, sai in an nemi irinta a Gana kai tsaye ko ta ARIPO. Tsofaffin haƙora masu ƙusa da roba wa'adin takardunsu ya daɗe da cika, kuma zane-zanensu suna nan kyauta a rumbunan intanet na Espacenet da Patentscope ga duk mai waya. Abin da ba ya halatta ko da takarda ta mutu shi ne ka zuba sunan kamfani ko tambarinsa a jikin ƙarfenka, domin wannan wata doka ce daban, ta alamar kasuwanci. Wanda kuma ya yi ɗan gyara mai amfani da bai kai ƙirƙira mai zurfi ba, dokarmu ta tanadar masa ƙaramar takarda ta shekara 7, wadda ake neman sabunta da amfani kawai a cikinta. Dokar tana kuma yafe wa mai ƙirƙira idan shi da kansa ya bayyana abinsa cikin wata 12 kafin ya shigar da nema, amma Turai ba ta da irin wannan sassauci, saboda haka mai hangen kasuwar waje ya shigar da takarda kafin ya nuna wa kowa. Daga ranar da ya shigar da nema kuma yana da wata 12, bisa yarjejeniyar Paris, ya nema a wasu ƙasashe da wannan kwanan watan.

Bayan laccar wani matashi mai walda ya tambaya: Malam, idan an ba makulli takarda, ke nan an tabbatar ba zai saki ba?

A'a, ƙanena. Jami'i yana duba cewa bayanin ya isa ƙwararre ya ƙera abin, kuma ana iya amfani da shi a masana'anta, amma ba ya auna ingancin ƙarfen, ba ya kuma duba yadda aka gasa shi. Wannan aikin gwaji ne a wurin haƙa da kuma na Hukumar Kula da Ma'auni ta Gana. Idan kana da naka makullin, ka zana shi ta gaba da ta gefe da kuma a tsage, a matsayin riƙewa da na saki, ka rubuta matsalar da kowane sashe yake warwarewa, ka nemo tsofaffin takardun da suka fi kama da shi a ƙarƙashin E02F 9/28, sannan ka kai wa lauyan da ya san wannan fanni kafin ka sayar da ko guda ɗaya.