Ɗan Bakin Sahu: Yadda Ake Auna Shi Kafin Zaɓen NFL

Sadiya: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu tsaya a kan gurbi ɗaya tak a ƙwallon Amurka, wanda su can suke kira tait-en, mu kuma muka saba ce masa ɗan bakin sahu, saboda a ƙarshen sahun masu tare hanya yake tsayawa. Duk shekara ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suna zaɓar matasa daga jami'o'i cikin zagaye bakwai, kuma wannan gurbi yana daga cikin waɗanda suka fi ba su wahalar tantancewa. Malam Habu, mene ne dalili?

Malam Habu: Dalilin shi ne, Sadiya, aikin mutum biyu aka ɗora wa mutum ɗaya. Yanzu za a ce ya kara da ƙaton mai tsaro ya ture shi domin a sami hanyar gudu, an jima kuma a ce ya ruga cikin fili ya cafe ƙwallo a tsakanin mutum biyu da ke jiran su kayar da shi. Jami'o'i da yawa ɓangare ɗaya kawai suke amfani da shi, don haka alƙaluman yaro sun fi bayyana tsarin kocinsa a kan su bayyana iyawarsa. Ku duba zaɓen 2017. An ɗauki uku a zagayen farko: O.J. Howard na Alabama a lamba ta 19, Evan Engram a ta 23, da David Njoku, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a ta 29. George Kittle kuwa sai a zagaye na biyar San Francisco ta ɗauke shi, a lamba ta 146, saboda sau 48 kacal ya cafe ƙwallo a duk zamansa a Jami'ar Iowa, inda aka fi dogara ga gudu da ƙwallo. A 2018 ya yi yadi 1,377 ta hanyar cafe ƙwallo, abin da babu ɗan gurbin da ya taɓa yi kafin lokacin, alhali Howard bai taɓa kai yadi 600 a kaka ɗaya ba.

Nasiru: Na yarda da labarin Kittle, Malam, amma ina tsoron kada mu raina alƙaluma baki ɗaya. Brock Bowers tun yana shekararsa ta farko a Jami'ar Jojiya shi ne ya fi kowa cafe ƙwallo a ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa, kuma sau biyu yana lashe kyautar John Mackey, wadda ake bai wa ɗan bakin sahun da ya fi fice a jami'o'i. Da Las Vegas ta ɗauke shi a lamba ta 13 a 2024, ya cafe sau 112 a kakarsa ta farko, ya yi yadi 1,194, ya karya tarihin yawan yadi na sabon ɗan bakin sahu da Mike Ditka ya kafa tun 1961. A ganina, yaron da ya fi manyansa yana ɗan shekara 18 ya riga ya faɗa mana wani abu.

Malam Habu: Gaskiya ka faɗa, ƙanena, kuma shekarun da ka ambata su ne abin lura a wurin. Sai dai Kyle Pitts ma ya zo da alƙaluma da ƙira da gudu, har Atlanta ta ɗauke shi a lamba ta 4 a 2021, matsayin da babu ɗan bakin sahu da ya taɓa samu. Ya wuce yadi 1,000 a kakarsa ta farko, daga nan rauni a gwiwa da sauye-sauyen masu jefa masa ƙwallo suka hana shi kai 700 a kaka uku a jere. Inda aka kai yaro yana da tasiri ƙwarai.

Sadiya: To, idan ka zauna da faifan bidiyonsa, ina kake fara kallo?

Malam Habu: Ina fara ne daga inda ƙwallo ba ta hannunsa. Ina duba takunsa na farko, ko ya miƙe tsaye ko ya sunkuya, domin wanda ya miƙe an riga an fi shi ƙarfi. Ina duba ko tafukansa sun sauka a ƙirjin abokin karawa ko sun zame zuwa kafaɗa, inda alƙalin wasa zai kama shi da laifin riƙo, sannan ko ƙafafunsa suna ci gaba da tafiya bayan karon. Idan kuma an jefo masa, ina so in ga ya miƙa hannuwa ya tari ƙwallon, kada ya jira ta bugi ƙirjinsa. Wannan kallo yana ɗaukar sa'o'i, amma shi ne ya fi kwantar mini da hankali.

Nasiru: Gwajin da ake yi wa matasan kafin zaɓe a Indiyanafolis fa, gudun yadi 40 da ɗaga ƙarfe?

Malam Habu: Yana da amfani idan ya sa ka koma ga faifan. Kittle ya yi gudun cikin daƙiƙa 4.52, kusan daidai da Howard, kuma hakan ya isa ya sa a sake tambayar me ya hana Iowa jefa masa ƙwallo. Abin da ya fi muhimmanci a can shi ne ɗakin likitoci. Tiyatar baya ce ta hana Rob Gronkowski buga kakar 2009 a jami'a, ta kuma sa ya sauko zuwa lamba ta 42 a zaɓen 2010.

Sadiya: Wannan ya tuna mini da zaɓen 2025. Tyler Warren na Penn State ya cafe sau 104 a kakarsa ta ƙarshe, Colston Loveland na Michigan kuwa 56, amma Chicago ta fifita Loveland a lamba ta 10, Warren ya jira har ta 14.

Nasiru: Loveland ya fi shi ƙuruciya da kusan shekara biyu, kuma Michigan ta sha fama da matsalar mai jefa ƙwallo a kakar nan. Malam, a mako mai zuwa sai mu kawo faifan su biyun mu zauna a kansa.

Malam Habu: Allah Ya kai mu. Ku zo da wasannin da suka kara da Ohio State da Oregon.