Hanyar ƙafa ta bakin Binuwai a Garwa: yaushe take fitowa, yaushe ruwa ke cinye ta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau bakin kogi muka nufa, nan Garwa a arewacin Kamaru. Abinda zan nuna muku 'yar hanyar ƙafa ce da ke bin gaɓar Binuwai, babu kwalta babu kujeru babu fitila, masunta ne da masu lambu da mata masu wanki suka yi ta takawa har ta zama hanya.

In ka sauka daga moto kusa da gada sai ka gangara. Tafiya kaɗan zakaji ƙarar kamiyon da suka taso daga Ngaundere ta fara nisa, saura ƙarar duka wanki akan dutse da kukan tsuntsaye. Kalli nan, kwale-kwale ne aka jawo kan yashi, mai shi na zaune ya maƙale bakin raga da babban yatsan ƙafa yana ɗinke inda ta yage, gefensa kwano da 'yan karfasa da tarwaɗa. Ka gaishe shi, sannu da aiki baba, zai gaya maka inda ƙasa ke zaftarewa, ya fi kowa sanin wajen.

Toh abinda mutane da yawa basu lura dashi ba, wannan hanyar ba kullum take nan ba. Daga watan Agusta zuwa Satumba kogi ya cika, inda nake tsaye ɗinnan duk ruwa ne. Sai wajen Oktoba ya fara ja da baya ya bar laka mai kyau, masu lambu su bi shi suna shuka masara da albasa da ganye, hanyar kuma ta sake fitowa amma ba lallai inda take bara ba, wani lokacin ta matsa sama wani lokacin ta kewaya wata gona, shiyasa wanda ya daɗe bai zo ba sai ya ɗan rikice.

Kuma fa ba damina kaɗai ke juya ruwan nan ba. Can sama, kusan kilomita 50 daga Garwa, akwai baraj ɗin Lagdo, wato madatsar ruwa, wanda 'yan Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, shi ke ba arewacin Kamaru lantarki. Idan ya cika dole a buɗe ƙofofi a rage, in ba haka ba bangon ne zai shiga haɗari. To ranar da aka buɗe, ko ba a yi ɗigon ruwan sama a Garwa ba zakaga kogi ya hau. Wannan ruwan shi ke wucewa Yola, ya bi ta Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lokoja, kuma kun tuna ambaliyar 2012 da ta 2022 yadda 'yan uwanmu na Najeriya suka yi ta kiran sunan Lagdo. Mu ma nan ta taɓa mu wlh. Don haka in kaji an yi sanarwar sakin ruwa, haƙura da yawon bakin kogi.

Can gaba kuma tsohuwar tashar jirgin ruwa ce. A da in ruwa ya cika jirage na tasowa tun daga Najeriya su kawo siminti da gishiri da man fetur, su kwashi auduga da gyaɗa. Yaƙin Biyafara ya tsinke harkar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka koma ta kudu, yashi kuma ya yi ta cike kogin. Shirun da ake jin daɗinsa yau, daga mutuwar waccan kasuwa ya samo asali.

Lokacin zuwa kuwa, bayan sallar asuba ko bayan la'asar. A Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, kar ma ka gwada da rana tsaka, yashin kansa ƙona ƙafa yake.

Sai maganar dorina, kuma don Allah ku saurara da kyau. Akwai su a kogin nan, da rana suna cikin ruwa kunne da hanci kawai zaka hango, da dare suke fitowa kiwo. In kaga sawu mai faɗi mai yatsu huɗu ya fito daga ruwa ya shiga ciyawa, hanyarta ce, kar magariba ta same ka wajen, kar ka shiga tsakaninta da ruwa, balle mai ɗa. Yara kuma a hana su wanka a 'yan kududdufan da kogi ya bari, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama, yaro ya fara fitsarin jini a kai shi asibiti, maganin akwai.

Abinda ke ci min rai shine leda. Duk sharar da aka zuba a kwatar kartiye, wato unguwanni, ruwan farko na damina nan yake sauke ta, ta naɗe a ragar masunta ta rufe lambun mutane. Masu lambun nan da hannu suke tsince ta kafin su samu wajen shuka, ga tarin da wannan bawan Allah ya tara a kan iyakar gonarsa, bai ma kai rabi ba.