Wa ya fi kowa a damben Kyuba?

Jama'a, barkanmu da yamma. Abin da ya hana wannan gardama ƙarewa shi ne ana auna dambe iri biyu da mudu ɗaya. A 1962 gwamnatin Fidel Castro ta haramta damben kuɗi, ba a sake buɗe ƙofar ba sai 2022. Duk wanda ya zauna gida a tsakanin nan, damben lambar yabo ya yi.

To, aikin ya bambanta. Damben Olamfik turmi uku ne, kowanne minti uku. Ka shiga da zafi, ka tara maki, ka fita. Damben kuɗi na kambun duniya kuwa a da turmi 15 ne, yanzu 12. A nan sai ka iya tattalin numfashi, ka yi ta saran ciki tun da wuri don ƙafafun abokin karawa su mutu a turmi na goma.

A ɓangaren farko, Teofilo Stevenson na ɗauka. Ya ci zinare a Munik 1972, Montiriyal 1976 da Mosko 1980. Ku kalli karonsa da Duane Bobick na Amurka a 1972: hannun hagu yana auna nisa, yana tsare mutum a waje, na dama yana ajiye sai lokacinsa ya yi. A turmi na uku aka tsayar da wasan. Felis Savon ma zinare uku gare shi, 1992, 1996 da 2000, ga kambun duniya shida na damben lambar yabo, don haka masu goyon bayansa ba su rasa hujja ba. Amma Kyuba ta ƙaurace wa wasannin 1984 da 1988, alhali a 1986 Stevenson ya sake cin kambun duniya. Da wuya a ce zinare na huɗu zai kuɓuce masa.

A damben kuɗi, Kid Chocolate ne ya fara kawo wa Kyuba kambun duniya a 1931. Kid Gavilan ya riƙe na ajin fam 147 daga 1951 zuwa 1954, kuma a karo sama da 140 ba wanda ya taɓa yi masa kwaf ɗaya. Ni dai Jose Napoles nake sa wa gaba. Ya koma Meziko bayan haramcin, ya ƙwace kambu hannun Curtis Cokes a 1969. Rauninsa fatar gira ce, saurin tsagewa take yi. Jini ne ya sa ya rasa kambun a hannun Billy Backus a 1970, ya kuma karɓo abinsa a 1971.

Masu tambayar ko Stevenson zai iya da Muhammad Ali, su dubi Guillermo Rigondeaux, shi ma ɗan Kyuba. Zinare biyu ya ci, ya bar gida ya shiga damben kuɗi a 2009, ya doke Nonito Donaire a 2013. Gwanintar tana ƙetarewa ke nan. Sai dai Rigondeaux ƙaramin aji yake, kuma Stevenson bai taɓa yin turmi 15 da mai juriya irin ta Ali ba.