Amsoshin Tambayoyinku: Neman Sawun Kakan da Ya Je Yaƙin Bama

Jama'a, wasiƙu sun taru lokaci kuma ya ja, bari mu ɗan hanzarta. Wani daga Gusau yana tambaya ko Bama da Myanmar ƙasa ɗaya ce. Ɗaya ce, sojojin da ke mulkinta ne suka sauya mata suna a 1989. Wani kuma daga Tamale yana so ya ji ko mutanen Ghana sun je wannan yaƙi, wato faɗan da aka gwabza a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sun je mana, har da na Saliyo da Gambiya.

To ga wadda za mu zauna a kanta, domin da yawanku kun aiko da irinta. Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta ce: "Kakana ya rasu ina ƙarama. An ce ya yi yaƙin Bama, akwai ma wani tauraro na tagulla a adakar kakata. Ta ina zan fara bincike?"

'Yar'uwa, daga adakar nan za ki fara. Ki lallaɓi Hajiya ta zazzage miki ita, ki nemi takardar sallamarsa. Abin da kike nema lambarsa ta soja. Na sake faɗa, lambar soja, ba suna ba. Turawa kan rubuta mutum da sunan garinsa, sai ki tarar da masu suna iri ɗaya rututu a bataliya guda. Tauraron kuwa, in kirtaninsa ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, to na Bama ne, amma ba a buga sunan mai shi a jiki. Malam, kai ne masanin tarihi, me za ka ƙara mata?

"To, ai abin da mutane ba su lura da shi ba, tarihin nan yana gabansu kullum. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin Kaladan a Bama. Ta 82 ta biyo baya a 1944, a watan Janairun 1945 aka ƙwace garin Myohaung daga hannun Japanawa. Shi ya sa akwai barikin Myohaung a Legas, da Dodan, da Arakan, duk sunayen wurare ne a Bama. A Kaduna ga Kalapanzin, a Zariya ga Chindit, domin bataliyoyin Nijeriya uku sun bi dakarun Janar Wingate na Birtaniya, da ake kira Chindit, bayan layin abokan gaba. Kuma da Hausa ake magana a rundunar, har hafsoshin Turawa sai da suka koya..."

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ita kakanta take nema, ba bariki ba!

"Ai can na nufa. In ta san bataliyarsa, kowace bataliya tana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum. Suna ajiye a ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan, na Bama a ƙarƙashin lambar ajiya WO 172. Sai dai da wuya a ambaci farabiti da suna. Za ta ga inda suka kwana da ranar da aka yi artabu."

Madalla. Ni kuma na ce ki leƙa ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da ofishin 'yan mazan jiya na jiharku. Shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth kuwa na waɗanda suka kwanta dama a lokacin yaƙin ne, kamar masu suna a bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon. Naki kakan ya dawo gida, kada ki ɓata datarki.

Ku kuma masu sayar wa 'yan gwangwan lambobin kakanninku, da masu ba yara takardun su naɗe ƙosai, ku ji tsoron Allah. Ki kuma ɗauki muryar Hajiya a waya tun tana tunawa: wace shekara ya dawo, su wa suke zuwa hira wurinsa, wane suna suke kiransa da shi.

Na ƙarshe daga Maraɗi, ya ce nasa kakan Faransa ya yi wa soja. Ɗan'uwa, naka takardun suna Faransa, a cibiyar ajiyar bayanan sojoji da ke birnin Pau, kai ma sai da lamba. Mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.