Sunayen sojoji a titunan N'Djamena, da yadda za ka nemo su

Jama'a, assalamu alaikum, barkanku da war haka daga N'Djamena. Ku ga kogin Shari a bayana. Gidajen da kuke hangowa a wancan ƙetaren Kuseri ce, ƙasar Kamaru. A can aka gwabza ranar 22 ga Afrilu 1900, aka kashe Rabe, shi ma kwamandan Faransawa Lami bai kai gobe ba. Shi ya sa garin nan ya amsa sunan Fort-Lamy har 1973, lokacin da shugaban ƙasa Tombalbaye ya canza masa suna. Wato gari guda ne sukutum aka sa wa sunan soja, tun kafin a zo kan tituna.

Mai saukowa ta jirgi kuwa, filin da ya taka sunan Hassan Djamous yake ɗauke da shi, kwamandan da ya kori sojojin Libiya daga Fada da Wadi Dum a 1987 da motocin Toyota. Daga nan sai titin Charles de Gaulle, inda bankuna da manyan kantuna suke. Dalilin sunan: cikin ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, Chadi ce ta fara bin bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a Agustan 1940, a hannun gwamna Félix Éboué, kuma daga garin nan kwamandan Faransawa Leclerc ya ɗebi mayaƙa, yawancinsu 'yan Afirka, suka ci Kufra da ke Libiya a 1941. Ka zagaya alluna ka nemi sunan ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan sojoji, sai ka gaji. Wannan kam bai yi mini daɗi ba.

To ga inda baƙo ke ɓata. Kada ka ce wa ɗan kalando, wato ɗan acaɓan nan, ya kai ka titin Janar wane. Zai ce to, ya yi ta yawo da kai, kuɗin na ƙaruwa. Sunan allo daban, na bakin mutane daban, wani titin ma an canza masa suna amma taswirar waya ba ta sani ba. Ka ambaci shataletale ko kasuwa mafi kusa, Dembe ko Shaguwa ko babbar kasuwa, ku yi ciniki kafin ka hau, sauran ka taka da ƙafa. Allon ƙarami ne, a jikin katangar kwana ake manna shi, sau da yawa rumfar mai shayi ta rufe shi.

Sai maganar kyamara. Dandalin Place de la Nation yana dab da fadar shugaban ƙasa, ga sojoji ko'ina. Ka mai da waya aljihu, ka yi sallama, ka nemi izini tukuna, don ɗaukar barikin soja ko gada na iya sa a ƙwace wayar. Ka fito kafin ƙarfe 9 na safe, musamman a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, in ba haka ba wayar da kanta za ta ɗauke.

Bari mu tsallaka, ga wani allo can.